Bayan Zaɓe: Yadda Ake Tafiyar da Al'amuran Gari a Maine-Sorowa da Kwarin Komadugu

Zaɓe yini guda ne. Da safe a yi layi, a jefa ƙuri'a, a dangwala yatsa cikin tawada, da dare a ƙidaya. Washegari kowa ya koma gonarsa ko kasuwarsa ko wurin bisashensa. To, daga nan ne ainihin aikin yake farawa: wa zai gyara rijiyar da ta rushe, wa zai gina aji, wa zai raba gardamar gona da burtali, kuma ina kuɗin haraji suke zuwa?

Wannan shafi zai bayyana muku yadda doka ta tsara tafiyar da gari bayan zaɓe, da abin da ya faru a Maine-Sorowa da jahar Diffa daga 1999 zuwa yau, da ƙofofin da suka rage a buɗe gare ku ko da babu majalisar da kuka zaɓa.

Ƙasar da muke magana a kanta

Maine-Sorowa tana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi ta Damagaram, ta wuce Diffa zuwa Ngigmi. Tsakaninta da garin Diffa wajen kilomita 70 ne. A ƙidayar 2012, mutanen jahar Diffa 593,821 ne, kuma sama da 78,000 daga cikinsu suna cikin komin ɗin Maine-Sorowa.

Bisa rabon ƙasa na 2011, jahar tana da gunduma 6: Diffa, Maine-Sorowa, Gudumariya, Boso, Ngigmi da Ngurti. A cikinsu akwai komin 12. Gundumar Maine-Sorowa tana da 3: Maine-Sorowa, Fulatari da Ngelbeli.

Daga kudu akwai kogin Komadugu, wanda ya zama iyaka da Nijeriya na tsawon kilomita wajen 150 kafin ya faɗa tafkin Cadi. A bakinsa ake noman tattasai, da shinkafa, da albasa, ana kuma kamun kifi. Daga arewa akwai makiyaya da tuddan rairayi. A tsakanin tuddan akwai kwaruruka masu ruwa kusa, inda ake samun kanwa da manda da dabino da goruba. Mangawa da sauran Barebari, da Fulani, da Tubawa, da Larabawa, da Buduma, da Hausawa, duk suna cin abinci daga wannan ƙasa. Inda jama'a iri-iri suke shan rijiya guda, dole a samu wurin zama a yanke shawara. Wurin da doka ta tanada shi ne komin.

Mene ne komin?

Komin ƙaramar hukuma ce mai iyakarta, da kasafin kuɗinta, da ma'aikatarta. Manufar kafa ta ita ce a sauko da mulki kusa da jama'a, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin Yamai ba zai san wace rijiya ce rairayi ya binne a Ngelbeli ba.

An yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Fabrairu na 1999, amma aka soke sakamakon wurare da yawa, rikici ya tashi. A ranar 9 ga Afrilu na wannan shekara aka kashe shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara, maganar ta tsaya. Dokokin watan Yuni na 2002 ne suka raba ƙasar Nijar zuwa komin 265. Ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen da ya ba su majalisu, aka zaɓi kansiloli 3,747 a faɗin ƙasa. Ga mafi yawan ƙauyuka, wannan ne karo na farko da suka zaɓi masu riƙe da kuɗin yankinsu. An sake irin wannan zaɓe a watan Disamba na 2009, da 11 ga Janairu 2011, da 13 ga Disamba 2020.

Abin da ke biyo bayan ƙidayar ƙuri'u

Ga yadda aka saba yi a lokacin da ake da zaɓaɓɓun majalisu, bisa dokar ƙananan hukumomi ta 17 ga Satumba 2010.

1. Ƙuri'arku ba ta zaɓar magajin gari kai tsaye. Kuna zaɓar jerin sunaye ne, na jam'iyya ko na ƴan takara masu zaman kansu. Ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu. Majalisar komin tana da kujera 11 zuwa 25, bisa yawan jama'a.

2. Kansilolin su ne suke zama su zaɓi magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Shi ya sa kukan ga jam'iyyar da ta fi ƙuri'u ta rasa kujerar magajin gari, idan sauran suka haɗa kai. Dokar 2010 ta ce magajin gari sai mai takardar shaidar BEPC ko makamanciyarta.

3. Sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokoki na yankin suna zama cikin majalisar. Suna ba da shawara, amma ba su jefa ƙuri'a.

4. Majalisa tana zama na ƙa'ida sau 4 a shekara. Zaman a buɗe yake, kowane ɗan ƙasa yana iya shiga ya saurara. A nan ake amincewa da kasafin kuɗi da tsarin raya komin, wato takardar da ta jera ayyukan da za a yi cikin shekaru masu zuwa.

5. Shugaban gunduma, wanda gwamnati ke naɗawa, yana duba ko shawarwarin majalisa sun dace da doka.

Mata ma suna da kasonsu. Dokar watan Yuni na 2000 ta ce kada wani jinsi ya gaza kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe. An ɗaga kason zuwa kashi 15 a 2014, sannan zuwa kashi 25 a 2019. Wannan doka ce ta shigar da mata da dama majalisun komin, inda ake maganar ruwa da likita da makaranta, abubuwan da suka fi kowa sanin wahalarsu.

Kuɗin komin

Alkawari kaya ne, kuma ba a sauke shi da hannu wofi. Kuɗin komin suna fitowa daga wurare huɗu. Na farko harajin kai, wanda wasu ke kira lanho, da masu gari da shugabannin rugage ke tarawa. Na biyu kuɗin kasuwa, da na tasha, da na karar dabbobi, da na mahauta. Na uku tallafin gwamnati, wanda aka kafa wa hukuma ta musamman a 2008, ana kiranta ANFICT. Na huɗu taimakon ƙungiyoyin raya ƙasa.

Jahar Diffa tana da wata hanya ta daban. Ana haƙar man fetur a Agadem, cikin gundumar Ngurti, ana tace shi a matatar Damagaram tun watan Nuwamba na 2011. Doka ta ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗin da gwamnati ke samu daga man domin ƙananan hukumomin jahar da ake haƙarsa. Haƙƙinku ne ku tambayi nawa suka iso komin ɗinku, da aikin da aka yi da su.

A watan Janairu na 2016 gwamnati ta sa hannu kan dokokin miƙa wa ƙananan hukumomi ayyuka a fanni huɗu: ilimi, kiwon lafiya, ruwa da muhalli. Sai dai miƙa aiki ya fi miƙa kuɗi sauri. Magadan gari da yawa sun karɓi nauyin ba tare da isassun kuɗi da ma'aikata ba.

Ku lura da yadda arzikin jama'a yake haɗe da na komin. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Boso da Diffa. Cikin ƴan kwanaki aka kafa dokar ta-ɓaci. An hana hawan babur, an hana cinikin kifi da tattasai, an rufe wasu kasuwanni, an taƙaita sayen taki da mai. Ƙauyukan bakin kogi da yawa suka tashi, mutane suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya. An ɗage hanin tattasai a 2017, na kifi a 2019. A waɗannan shekaru manomi ya rasa ciniki, komin ta rasa kuɗin kasuwa, ga kuma dubban ƴan gudun hijira masu bukatar ruwa da makaranta. Bayan haka Komadugu ya yi ambaliya mai tsanani a 2019 da 2022, ya cinye gonaki da gidaje.

Siyasar Yamai da ta gari

Maine-Sorowa ta san siyasar ƙasa sosai, domin a nan aka haifi Tanja Mamadu a 1938. An zaɓe shi shugaban ƙasa a ƙarshen 1999 a ƙarƙashin jam'iyyar MNSD-Nasara, aka sake zaɓensa a watan Disamba na 2004. A zamaninsa aka kafa kominoni. A zamaninsa kuma aka yi shiri na musamman na gina ajujuwa da ƙananan gidajen likita da rijiyoyi a ƙauyuka, aka kuma soke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006.

A 2009 aka shiga rikicin tazarce. An rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta domin ƙara wa shugaban shekara 3. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji, ƙarƙashin Salu Jibo, suka karɓi mulki. Majalisun komin da aka zaɓa watanni biyu kafin nan ba su yi nisa ba, aka naɗa kantomomi. Tanja ya rasu a Yamai ranar 24 ga Nuwamba 2020, aka kawo shi Maine-Sorowa aka yi masa sutura.

Majalisun da aka zaɓa a 2011, shekarar da Mahamadu Isufu ya hau mulki, wa'adinsu shekara 5 ne. Amma an yi ta ɗage zaɓe, ana ƙara musu lokaci, har zuwa 13 ga Disamba 2020. A daren jajibirin wannan zaɓe aka kai hari Tumur, aka kashe aƙalla mutum 27, aka ƙone kasuwa da gidaje masu yawa. Duk da haka a sauran kominonin jahar mutane sun fito sun yi layi.

A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, ranar 21 ga Fabrairu 2021, Mohamed Bazum, wanda shi ma a jahar Diffa aka haife shi, ya kayar da Mahaman Usman. An rantsar da shi ranar 2 ga Afrilu 2021. Wannan ne karo na farko a Nijar da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓen shugaba mulki. A watan Yuni na wannan shekara aka fara mayar da ƴan gudun hijira garuruwansu, aka soma da Barwa, a gefen tafkin Cadi.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki, ƙarƙashin Janar Abdurahaman Tiani. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun komin da na jahohi, aka naɗa kantomomi. A watan Maris na 2025 aka fitar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya tsara riƙon ƙwarya na shekara 5, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa.

Idan kuka duba wannan tarihi za ku ga abu guda. Sau biyu, a 2010 da 2024, canjin da aka yi a Yamai ya tafi da majalisar gari. Amma rijiya tana nan, kasuwa tana ci, ana haihuwa, ana shuka. Wanda ya jingina al'amarinsa da mutum ɗaya, ranar da mutumin ya sauka zai rasa madafa. Wanda ya riƙe takardarsa, ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, shi ke tsira da haƙƙinsa.

Ƙofofi huɗu da suke a buɗe

Kantoma yana riƙe da ayyukan magajin gari da na majalisa. Gwamnati ce ta naɗa shi, amma ma'aikatar da yake zaune cikinta taku ce, da kuɗinku take aiki. Ga abubuwa huɗu da ba su jiran zaɓe.

*Takardar haihuwa.* Dokar 2019 ta ba da kwana 60 domin sanar da haihuwa. Ku sanar a gidan likitan da aka haihu ko wurin mai gari, sannan ku koma ku karɓi takardar a ma'aikatar magajin gari. Idan lokacin ya wuce, sai da hukuncin alƙali. Yaron da ba shi da wannan takarda yakan gamu da cikas wajen jarrabawa da katin ɗan ƙasa. A ƙasar iyaka kamar tamu, inda ake yawan binciken takardu a hanya, rashinta wahala ce babba. Kuma duk ranar da aka koma zaɓe, takardar shaida za a fara tambaya.

*Takardar gona da makiyaya.* Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa: na ƙauye ana kiransa COFOB, na komin COFOCOM, na gunduma COFODEP. Mai gari ko shugaban ruga ne ke jagorantar na ƙauye, tare da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa, da magatakarda wanda ya iya karatu da rubutu. Kwamitin yana ba da shaidar gado, da saye, da kyauta, da aro, da haya, da jingina. Wannan ya fi muhimmanci ga mutanen bakin Komadugu. Wanda ya yi gudun hijira shekara da shekaru yana iya dawowa ya tarar wani na noma gonarsa, dattawan da suka san iyaka kuwa sun rasu ko sun watse. Haka nan wanda ya ba baƙo aron fili, ya rubuta, don kada alheri ya zama gaba. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta kare burtali da mashaya da makiyaya. Hukuma ce ke sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi. Idan gardama ta tashi, ana fara zuwa wurin sarakuna domin sulhu, a rubuta abin da aka cimma, kafin a je kotu.

*Takardar shaidar biya.* Duk kuɗin da kuka biya, na kai ko na kasuwa ko na dabba, ku karɓi takarda. Ku karanta adadin da ke jiki, ku gwada da abin da kuka bayar. Kuɗin da aka karɓa ba takarda ba lalle ne su shiga asusun komin ba. Wanda yake riƙe da takardunsa na biya, bakinsa yana da nauyi in ya tambayi dalilin da ya sa ba a gyara kasuwa ba.

*Kwamitocin gari.* Kowace makaranta tana da kwamitin kula da ita, wanda aka fi sani da COGES. Gidajen likita da rijiyoyin burtsatse ma suna da nasu. Akwai ƙungiyoyin manoman tattasai, da na makiyaya, da na mata masu adashi, da masu kafa shinge don tsayar da rairayi. Waɗannan kwamitoci ku kuke zaɓar shugabanninsu. Ku nemi a karanta muku littafin kuɗi a bainar jama'a. Ku sa ranar sabunta shugabanni, ku kiyaye ta.

Yadda ake kai koke

Kada ku tafi ɗaya-ɗaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku zauna a ƙauye ku tsayar da bukata guda da ta fi damun kowa. Ku rubuta ta a taƙaice: sunan ƙauye, matsalar, yawan gidajen da ta shafa, abin da ku za ku iya kawowa kamar yashi ko aikin hannu, da kwanan wata. Ku yi kwafi biyu. Ku sanar da mai gari, ku tura wakilai maza da mata. Ku bar kwafi ɗaya a ma'aikata, a buga muku hatimi a ɗayan ku dawo da shi. Ku tambayi ranar da za ku komo jin amsa, ranar ta zo ku koma. Magana ta baki iska ke ɗauke ta, takarda mai hatimi kuwa tana nan ko an canza shugaba.

Zama da maƙwabci

Zaɓe yakan bar tabo. A lokacin yaƙin neman ƙuri'a, wa da ƙane sukan daina gaisawa, wani ya ƙi zuwa sunan ɗan maƙwabcinsa. Bayan zaɓe wasu sukan ce rijiya ta ƙauyen da ya ba su ƙuri'a ce. Doka ba ta san wannan ba. Wanda ya hau kujera na kowa ne, domin haraji bai tambayi wa kuka zaɓa ba. A yankin da ya sha wahalar rashin tsaro, rabuwar kai tana da hatsari, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku kiyayi jita-jitar da ke yawo cikin salula, musamman wadda ke ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabila sukutum. Kafin ku tura wa wani, ku tambayi inda ta fito. Malamai da sarakuna da dattawa mata suna da aiki babba wajen sasanta waɗanda siyasa ta raba.

Amfanin karatunku

Duk ƙofofin da muka lissafa da takarda ake buɗe su. Kundin 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma lissafa Barbarci da Fulatanci da Tubanci da Larabci da Budumanci cikin harsunan Nijar. Har yanzu takardun ma'aikatu da yawa da Faransanci suke, amma lambobi da sunaye da kwanan wata iri ɗaya ne. Wanda ya iya karanta su a ajin yaƙi da jahilci zai gane sunansa a jeri, ya gane adadin da aka rubuta masa, ya sa hannu a kan abin da ya fahimta. Daga cikinku ake samun magatakardan kwamiti da ma'ajin ƙungiya.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Yara nawa ne a gidanku ba su da takardar haihuwa? Ina ne wuri mafi kusa da za a sanar?
2. Akwai kwamitin ƙasa a ƙauyenku? Su wa ke ciki, kuma mata da makiyaya suna da wakilai?
3. Ku kawo takardar shaidar biya guda ɗaya aji. Ku karanta adadin, da kwanan wata, da sunan komin.
4. Wace bukata ce ta fi damun ƙauyenku bana? Ku rubuta ta tare cikin layi biyar, ku zaɓi waɗanda za su kai ta.